Soron Gidaɗo na Roba

Bulo na ƙarshe ya ƙi zama. Sau uku Nata'ala yana danna shi a kan zankon hagu, sau uku yana zillewa, don yatsunsa sun jiƙe da gumi. A ƙofar gida kuwa har dattawan unguwar Dukawuya sun fara sallama.

Abin da ke kan tabarmar ya kai ƙugun mutum tsayi. Soron Gidaɗo ne, tsohon soron nan mai bene da ya shekara ɗari biyu a bakin unguwa, kafin a rushe shi zamanin soja da sunan faɗaɗa titin da har yau ba a yi ba. Nata'ala mai gyaran janareto ne ya sake tayar da shi da 'yan bulon roba na wasan yara, waɗanda yake tsintowa a wurin 'yan gwanjo. Shekara huɗu yana abu ɗaya, layi bisa layi, don irin wannan gini sai ka cika cikin bango kafin ka rufe bayansa. Maƙwabta sun sha tsokanarsa, wai gemu ya fara furfura amma wasan yara bai sake shi ba.

Yau ba mai dariya. Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, sabon kansila ya yi alƙawarin kai kuka sama a sake gina soron, in har unguwa za ta nuna yadda yake ciki da waje. In ba haka ba, jibi za a mayar da filin tashar mota. Hoto ɗaya ne ya rage, shi ma gaban ginin kawai ya ɗauka. Saura sai abin da ke kan tabarma, da bakin mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Baba Mustafa, magajin gidan Gidaɗo, kuma surukin Nata'ala. Tsoho ne mai wuyar sha'ani. Ya rantse ba zai sa hannu a takardar unguwa ba sai ya ga soron kakanninsa sak, ba mai kama da shi ba. Shekara goma sha biyar ke nan, duk bayan sallar asuba sai ya kai ƙarar direban katafilar da ya rushe soron wurin Allah, wani mutum da ya naɗe fuska da tawul ranar, ba wanda ya gane shi. Nata'ala yana sahu ɗaya da shi, kuma bai taɓa fasa cewa amin ba.

Rukayya, matar Nata'ala, ta leƙo ɗakin.

"Ga su Baba nan fa. Goge fuskarka mana, sai ka ce wanda za a yi wa shari'a."

Ta san mijinta baƙo ne, ya zo unguwar shekara biyu bayan rusau. Ko filin ba ya bi ta gabansa, zagayawa yake yi. Duk abin da ya gina, daga hoton nan ne da hirarrakin Baba, in ji shi. Ta tura akwatin ƙarfensa, wanda ba ta taɓa ganin ya buɗe ba, zuwa ƙarƙashin gado don baƙi su sami wurin tsayuwa.

Dattawa suka shigo. Alhaji Salihu, shugaban kwamitin unguwa, yana riƙe da takarda da biro. Baba Mustafa bai amsa gaisuwar kowa ba. Ya jingine sandarsa, ya durƙusa gaban ginin.

Ya ƙirga zankwaye. Ya ƙirga tagogi. Ya zura yatsa ya bi matakalar bene ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa suna motsi.

"Sha ɗaya," in ji shi. "Haka take."

Alhaji Salihu ya saki numfashi. Nata'ala bai saki nasa ba.

Baba ya ce a ɗage rufin. Aka ɗage. Ya daɗe yana kallon ciki, har ya kai ga ginshiƙin arewa mai ɗan karkata, wanda ya manta ko ya taɓa ba wa wani labarinsa. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ƙi bari ya zuba. Sai ya dafa bangon gabas zai miƙe, nauyinsa ya ɓalle bulo huɗu, suka zube a tabarma.

Bangon ba cikakke ba ne. A tsakiyarsa akwai ɗan rami, cikin ramin kuma wani ɗan dunƙulallen bulo baƙi yana zaune shi kaɗai.

Baba ya miƙa hannu aka ba shi biro, ya sa hannu a takardar.

"Soron ne," ya ce. "Ku kai musu."

Dattawa suka ɗauki hamdala, amma tsohon bai tashi ba. Idonsa yana kan surukinsa.

"Wannan tukunyar Gidaɗo ce, da rubutun tsari a ciki. Ranar da aka ɗora bangon aka binne ta, aka shafe da laka. Kakana ya gaya wa babana, babana ya gaya mini, ni kuwa ban gaya wa kowa ba, ko Rukayya. Ni kaina ban taɓa ganinta ba. Na tone ɓaraguzan nan kwana uku ban samu ba. Malam Nata'ala, wa ya gaya maka?"

Nata'ala ya kalli matarsa, ya kalli ƙarƙashin gado, sannan ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ba kowa, Baba. Tana cikin akwatin can, ko tsagewa ba ta yi ba. Da bangon ya buɗe na gan ta, sai na sauko daga kan katafilar na ɗauke ta."