Jan Allin Mushe

Jandarmomi sun gaji da tambayar su wa ka sauraren rediyon 'yan adawa a unguwarmu ta Tawa, manya sunka yi gum. Mushe, malaminmu na makarantar lakwal, shi bai tambayi babba ba.

Da anka tashi ya tsai da ni, ya sa mini jan alli sabo ful a hannu, ya dafa kaina.

"Ɗiyata, su wa ka zuwa jin rediyo zauren babanki?"

Na zayyana mishi su duka, ina murna. Ya ce, "Madalla."

Kafin la'asar anka jefa babana mota, ko takalmi babu.

Har yau, in na ga babba ya dafa kan jikana yana murmushi, janye yaron nike yi.