Gariba Yana Tokyo

Kun ga labulen tagar nan a rufe tun bazarar 1997, amma kuka kawar da kai.

A wajen sunan jikar Amamata a unguwar Deptford, nan ƙasar Turawa, wani hoto yana yawo daga hannu zuwa hannu, Zaratu kuwa sai murmushi take yi. Ɗanta Gariba ne tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Tokyo.

"Maman Gariba, Japan ta karɓi yaron nan!" in ji Amamata. "Kar dai ya kwaso mana suruka mai cin shinkafa da tsinke."

Mata suka kwashe da dariya. Su ne suka yi wa Gariba walimar bankwana da suka ji jami'a za ta tura masu karatun Japananci da sarrafa hoto a kwamfuta su yi shekara a can. Tun kafin sakamakon jarrabawar zaɓen masu tafiya ya fito suka soya kaji.

Zaratu ta ƙulle ragowar waina, ta hau bas zuwa Thamesmead. Tana shiga gidanta da ke saman bene ta nufi ƙuryar ɗaki, ta durƙusa a bakin ƙofa. Kwanon jiya yana nan, ba a taɓa ba.

"Babana, sun yaba hoton. Yanzu na dusar ƙanƙara suke son gani."

Can cikin ɗakin na'urar buga hoto ta fara ƙara, wani sabon hoton da aka haɗa a kwamfuta ya sulalo ta ƙarƙashin ƙofa da ɗuminsa. Gariba bai ci jarrabawar ba. Uwarsa ta roƙe shi ya rufa mata asiri, shi kuma bai sake taka waje ba.

Akwai irin wannan ƙofar a benenku. Ku tashi ku ƙwanƙwasa ta yau.