Ƙarin Wuri

Sabar Nazir, wato kwamfutar da ke ajiye hotunan gidansa, ta cika tun kafin matarsa Mashkura ta ɓata. Ita ce ma ta fara ƙorafi, wai hotunan wayarta sun daina shiga. Ya ce zai duba ranar Asabar. A ranar Asabar ɗin ta tafi kasuwar Wuse sayen atamfa, ba ta dawo ba.

Sabar ba wata abar a zo a gani ba ce. Tsohuwar kwamfuta ce a lungun falonsu na Lugbe, ya girka wata kwamfutar ta manhaja a cikinta, ya yanka mata wuri daga faifan ajiya. Duk wayar gidan da ta kama waifai, da kanta take zuba hotunanta a can, kowacce a foldarta. Bai taɓa haɗa sabar da intanet ba, don Nazir mutum ne mai shegen zargi.

'Yan sanda suka ce aikin ɓarayin tasi ne, masu ɗaukar fasinja su yashe shi su yar a hanya. Suka ce ya yi haƙuri. Haƙurin ya gagara. Ya shiga bin shagunan bakin kasuwa yana roƙon bidiyon kyamarorinsu na ranar.

Maƙwabcinsa Nababa, direban tasi da suke katanga ɗaya, shi ya yi ta yawo da shi, daga asibiti zuwa ofishin 'yan sanda, har ɗakin ajiye gawa. Matarsa Lantana kuwa ba ta fasa aiko da tuwo ba, ko da yake yadda ya zo haka yake komawa.

"Oga Nazir, kyamarorin nan ba sa ganin komai," in ji Nababa. "Ka bar wa Allah kawai."

Bai bari ba. Bidiyo ya taru a faya-fayan da ya aro wurin mutane, masu su na neman abinsu, shi kuma ba inda zai juye. Dole a ƙara wa sabar wuri.

Aikin da yake gudu ke nan. Ƙara girman faifan ba wuya. Wuyar tana wajen jan iyakar tsohon wurin ta haɗe da sabon. A yi kuskure kaɗan, ko wuta ta ɗauke ana tsaka, komai ya tafi: hotunan bikinsu, da bidiyon da take masa dariya ranar da ya ƙona shinkafa. Ba shi da kwafin ko ɗaya. Yin kwafin ma ya sha cewa sai Asabar.

Da hantsi ya zauna, ya yi bisimilla, sai Nefa ta ɗauke. Nababa ya kinkimo janaretansa ya tayar masa a ƙofa, sannan ya fita aiki.

Nazir ya ƙara girman. Ya ja iyakar. Allon ya yi shiru har ya fara salati, kafin sabar ta tashi da wuri fal. Babu abin da ya ɓace. Ya kifa kai a tebur ya yi kukan da ya daɗe yana riƙewa.

Da ya ɗago, sai ya ga foldar Mashkura tana motsi. Hotuna ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Ya miƙe zumbur. Waya ba ta isa ga sabar nan sai tana kusa da gidan. Ya fita a guje ba takalmi, yana kiran sunanta. Layin fayau, sai ƙarar janareta.

Ya dawo ya buɗe foldar. Na farko tsofaffi ne, waɗanda suka maƙale tun lokacin da wuri ya ƙare. Ya gangara ƙasa.

Na ƙarshen na safiyar yau ne: Lantana ce ta ci kwalliya, tana murmushi, tana gwada wayar da mijinta Nababa ya kawo mata, wayar Mashkura.