Jaje a Zauren Onarabul

Hajiya Aina'u ta sake ɗora tukunyar shayi, don zauren ya cika har wasu sun shimfiɗa buhu a gindin darbejiya. Duk masu jaje ne. Jiya bayan magariba Ɗanliti Reza ya sake yanka mijinta a rediyo.

Ɗanliti sojan baka ne, irin waɗanda ake saya wa fili a gidan rediyo su wanke wannan ɗan siyasa, su tsige wancan. Tun farkon damina ya sa Onarabul Tasi'u a gaba. Ba ya fara magana sai ya jero sunan da muƙaman kaf: tsohon hedimasta, tsohon kansila, tsohon ɗan Majalisar Wakilai har sau biyu. Sannan ya ɗora da ɓarawo, maci amana, wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a bakinsa kawai.

Abin da ya ɗaure wa Aina'u kai shi ne, me ake nema a wurin mutumin da ya riga ya faɗi? Tun da jam'iyya ta hana shi takara, gidan nan na bayan Gezawa ya mutu. Motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya, 'yan rakiya suka bi su. Tabarmin zaure suka daɗe a naɗe har gara ta ci gefensu. Alhaji ya koma zama shi kaɗai da babbar riga, yana kallon masu zuwa gona suna wucewa ta bayan katanga don kada gaisuwa ta tsayar da su. Ya rame, abinci ma sai ta yi da gaske.

Yanzu kuwa, ko don taurin rai irin na 'yan siyasa, yana cinye tuwonsa tas. Shi da kansa yake sa wa rediyon sabon batir, ya saurari zagin har ƙarshe. Da safe ya kafa hula ya fita karɓar jaje.

"Alhaji, ka kai shi ƙara mana," ta ce masa.

"Hajiya, siyasa ce. Ba ki san ta ba."

Ta bar maganar, kamar yadda ta kau da kai a kan buhunan geron da suke raguwa a rumbu. Shayi da abincin baƙi ba ƙaramin abu ba ne, ga kuma zuwansa asibiti a birni duk Laraba saboda hawan jini.

Sai Ɗanliti ya taɓo 'yarsu Khaulat.

Ya ce kayan ɗakin da aka tara wa 'yar Onarabul da kuɗin asibitin ƙauye aka saye su. Har launin kujerun ya faɗa, da ɗakin da aka kulle su. Aina'u ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Kayan nan guminta ne. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta haɗa su, tana tuya hayaƙi yana cin idonta.

Khaulat malamar firamare ce, kuma ita ta zaɓi Zaharaddini da kanta a matsayin wanda za ta aura. Mahaifinsa, Malam Kamaruddeen na Bacirawa, mutum ne da ba ya shan ruwan da yake shakka a kansa. Ya aiko cikin ladabi cewa a ɗan ɗaga bikin. Matar da ta kawo saƙon ta ja Aina'u gefe ta ce, "Yaya, in aka sake ambaton yarinyar nan a rediyo, wallahi Malam zai ce a fasa."

Khaulat ta daina zuwa makaranta, don yaran ajinta ma sun fara kwaikwayon muryar Ɗanliti. Aina'u ta bi kowa da zargi: maƙwabta, matan da suke taya ta suya, yaran ɗan majalisa mai ci. Wa ya san launin kujerun da ko ledarsu ba a cire ba?

Ranar Laraba ta jira Alhaji ya tafi asibiti, don ta san ba zai bar ta ba. Ta yafa mayafi, ta bi ta tsakanin gonakin dawa zuwa bakin titi, ta hau motar Kano. Ba faɗa za ta je yi ba. Ta yanke shawarar za ta durƙusa a gaban Ɗanliti, yaron da bai wuce sa'an ɗan cikinta ba, ta ce ya ci naman Alhaji yadda yake so, amma ya bar mata 'yarta.

Mai gadin gidan rediyon ya nuna mata wata rumfar kwano a bayan gini, inda sojojin baka suke zama kafin a kira su. Ta doshi wurin. Tun kafin ta zagayo ta ji dariyar nan ta Ɗanliti da ta tsana.

"Ranka ya daɗe, maganar rijiyar fa ta tsufa," in ji Ɗanliti. "Wannan makon me za mu ba su?"

Ta tsaya a jikin kwanon tana haɗa kalmomin roƙonta, tana jiran mai gidan nasa ya gama ya tafi. Sai mutumin ya yi gyaran murya, irin wadda take ji kowace asuba a ɗakinta.

"Ka sake taɓo maganar auren yarinyar," in ji Onarabul Tasi'u. "Ranar da ka yi ta, har daga Shanono aka zo mini jaje."