Takardar da Mijinta Ya Haɗiye

Kwana uku da faɗuwar sarki, maƙwabtan wata mata a birnin Isfahan suka gurfanar mata da ɗan sandan da ya cusa wa mijinta rubutunsa a baki har rai ya yi halinsa.

Ta zaro kwafin da ta ɓoye ƙarƙashin dardumar salla, ta karanta farkonsa, ta miƙa masa.

"'Allah bai gadar wa kowa wuyan bayinsa ba. Mai durƙusa wa sarki ya raba sujadarsa biyu.' Karanta sauran, kowa ya ji."

Ya jujjuya takardar. "Hajiya, wallahi ban iya karatu ba. Ce mini aka yi saɓo ne."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura masa kofin shayi.

"To, cinye ta. Shi ko ruwa ba ka ba shi ba."