Garin da ya cinye kajin gadi

Kawu, shekara takwas ba na nan. Na dawo na tarar an zuba kwalta har bakin kasuwa, an kafa ƙarfen waya a bayan makaranta, kududdufi ɗaya ya zama uku saboda masu bulo. Abu guda na nema ban gani ba. Tunda ka ce in faɗi abin da ke cina, ga misali.

A wani gari akwai ma'aikacin lafiya da ke kiwon kaji goma a keji, bakin kududdufi. Ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba. Da damina ta sauka, duk mako sai ya ɗebi jininsu ya aika gwaji, domin akwai zazzaɓin da sauro ke ɗaukowa daga tsuntsaye, kuma yakan bayyana a jinin kaza makonni kafin ya kai ga mutum. Ranar da ya bayyana, sai a yi shela: a cike ramuka, a kife tukwane, a yi feshi, kowa ya ɗaura gidan sauro. Damina biyar jinin yana fitowa lafiya. Sai manyan gari suka fara dariya, suna ce masa likitan kaji. Da za a buɗe sabuwar tasha aka rasa abin karrama baƙi, wani dattijo ya ce, "Ga kaji can sun yi ƙiba suna zaman banza!" Aka yanka, aka soya, aka sha tafi.

Damina ta shida cutar ta zo, ba wanda ya ji tahowarta. Ta fara da wata mai ginin tukwane, wadda ramin yumɓunta ke cike da ruwa a bayan ɗaki. Da an yi shela, da rabin yini ya isa a cike shi. Ta tashi daga jinyar, amma hannunta na dama bai tashi ba, ko murfin tulu ba ta iya ginawa.

Ka san ta, Kawu. Ƙanwarka ce, ita ta haife ni. An kuma ce mini kai aka ba cinya a ranar da aka soya kajin.

Miƙo mini jakata, motar safe zan bi da mahaifiyata zuwa asibitin birni. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ku kuwa naku kunnen kuka soya.