Tarin Mai Aski

Injin aski na hannunsa tarin ya sake sarƙe shi. Mutumin da ke kan kujera ya zabura, ya fizge ƙyallen wuyansa, ya fice da rabin kai a aske.

Wata huɗu ke nan Mai Aski yana fama. Busasshen tari ne, ba majina, ba zazzaɓi, sai ƙaiƙayi a maƙogwaro kamar gashi ya maƙale. Da farko sana'a ya ɗora wa laifi. Ya sha zuma da citta, ya sha maganin kwalba har ya gaji. Shago ya koma wayam, don magana ta zaga unguwa wai tarin fuka ne. A gida matar ɗansa ta ware masa kofi, ta hana jikokinsa hawa cinyarsa. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Shi kuwa ba ya ga maciji da asibiti. Bara da aka ce jininsa ya hau, dariya ya yi ya kama gabansa, alhali shanyewar jiki ce ta yi ajalin yayansa. Amma yau da ƙafarsa ya je, matarsa na biye, duk ta rame don damuwa. Ita kaɗai ce ba ta guje shi ba. Har yanzu da hannunta take haɗa masa shayin safe.

Hoton ƙirji ya fito fes, gwajin tarin fuka ma haka. Ba asma, ba ƙwannafi, taba kuwa bai san ɗanɗanonta ba. Likita ta auna jininsa, ta dube shi.

"Baba, jininka daidai yake. Wane maganin hawan jini kake sha? Akwai wanda ke sa wasu irin wannan tarin. Canza shi kawai za a yi."

"Ni? Wallahi ko ƙwaya ɗaya ban taɓa haɗiya ba. Ga uwar 'ya'yana nan, tambaye ta."

Ya juya yana jiran shaida. Ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta zuge jaka, ta ajiye wani ƙaramin kwalin magani a gaban likita.

"Malam, ka yafe mini," ta ce, hawaye na zuba. "Wata biyar ke nan kullum ina daka maka shi a shayi."